Daga Kakalaba Zuwa Yau: Tarihin Sauyin Yanayi da Darasinsa ga Mai Fataucin Shanu

 

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar dillalai cikin bazara, a Abalak ne, ko Dakoro, ko Tunfafi, ya san hirar da ake yi in ciniki ya lafa. Wani ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce damana ta rikice, ba a gane kanta yanzu. Wani ya ce zunubanmu ne. Wani ya ce Turawa ne suka ɓata sama da hayaƙinsu. Sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, ku yara ne, da ma haka duniya take, yau ruwa gobe fari. A tashi baram-baram, kowa da tasa.

To, wannan magana ba ta hirar rumfa ba ce kurum, don jarinmu duka a kan ciyawa yake tsaye, ciyawa kuwa a kan ruwan sama. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwaya, tun da waiwaye adon tafiya ne, mu duba yadda yanayin ƙasarmu ya yi ta sauyawa, da abin da mutane da hukumomi suka yi a kowane karo. Abin da za mu gani shi ne, ƙarancin ruwa shi kaɗai ba ya karya falke ko makiyayi. Sai ya haɗu da abu biyu: rufewar hanya da jinkirin sayarwa.

Lokacin da hamada take dausayi

Mu fara daga nesa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai hoton raƙumin dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. A duwatsun Abzin akwai zanen shanu barkatai, da ƙahoninsu da masu kiwonsu. A shekarar 2000 masu bincike suka gano wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin Tenere, suka tarar da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, tare da kayan su. Can kuma a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Da aka auna shekarunsa sai aka ga ya kai kimanin shekara 8,000.

Duk waɗannan shaida ce cewa daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, inda muke kira hamada yau makiyaya ce mai tafkuna. Tafkin Cadi a lokacin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. Masana sun ce abin da ya busar da ita wani sauyi ne a hankali cikin yadda duniya take karkata tana kewaya rana, abin da yake ɗaukar dubban shekaru, babu hannun ɗan'adam a ciki. Me mutanen wancan zamani suka yi? Suka kora shanunsu suka yo kudu. Wato dabarar farko da ɗan'adam ya yi wa sauyin yanayi a wannan yanki ita ce tafiya, kuma har gobe ba a sami wadda ta fi ta ba.

Shekarun da aka raɗa wa suna

Kakanninmu ba su da ma'aunin ruwan sama, amma suna da nasu littafi: duk shekarar da ta yi tsanani sai su raɗa mata suna, da shi ake lissafin haihuwa da mutuwa. Babbar cikinsu a farkon mulkin Nasara ita ce Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Zabarmawa ke kira Gande Beri. Ta game daga bakin kogin Kwara har zuwa Tafkin Cadi, daga Damargu har Kano. Abin lura, ta zo ne bayan annobar bushiya da ta ratsa yankin nan wajen 1890 zuwa 1891, ta share mafi yawan shanu. Sa'annan ga haraji da jangali, waɗanda Nasara ba su ɗaga ba sai da ta ɓaci. Mai ɗan abin hannu ya sayar ya biya bodo, ya zauna da rumbu wayam.

A 1931 kuma fara ce ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, mutane da yawa suka mutu, wasu suka gudu suka bar garuruwansu. A nan ma tarihi ya nuna cewa aikin tilas da haraji da sakacin masu mulki sun ƙara wa abin muni.

Tun daga nan za mu ga cewa ruwa Allah ke saukar da shi, amma yawan asarar da fari ke jawowa akwai hannun mutane a ciki.

Shekarun ni'ima da tarkon da ke cikinsu

Daga 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka yi damana mai albarka a jere, irin wadda ba a sake ganin kamarta ba. A 1963 Tafkin Cadi yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 25,000, shanun Kuri suna iyo tsakanin tsibirai. Gyaɗa ta yi kuɗi a Maraɗi da Damagaram. Manoma suka yi ta sheme daji suna nausawa arewa, har cikin wuraren da tun kaka da kakanni makiyaya ce. Gwamnatin Diori Hamani ta ga abin zai kawo rigima, sai ta yi doka a watan Mayu na 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce abin da ke bayanta na kiwo ne. Dokar tana nan a takarda, amma gonaki sun tsallake ta tuni.

A ɓangaren dabbobi kuma aka sami ci gaba biyu. Na ɗaya, aka haƙa rijiyoyi masu zurfi da famfuna masu inji a Azawak da sauran yankin arewa, garkuna suka iya zama rani a inda da ba su iyawa. Na biyu, a 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya a ƙasashen Tafkin Cadi, wato Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. Shanu suka daina mutuwa, suka yi ta yaɗo.

Babu wanda zai ce waɗannan ba alheri ba ne. Kuskuren shi ne kowa, daga minista har mai ruga, ya ɗauka wannan ruwa shi ne ruwan ƙasar na dindindin. Ashe aro ne.

Farin 1973

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1972 da 1973 abin ya kai matuƙa. Tabkuna suka ƙafe tun kaka, ƙarangiya ma ba ta fito ba a wurare da yawa. Garkuna suka taru a bakin famfuna, ruwa ga shi, amma ciyawar kewaye an cinye ta ƙarƙaf har tafiyar yini. Saniya ta sha ruwa ta kwanta, ba ta sake tashi ba. An ƙiyasta cewa Nijar ta rasa kusan rabin shanunta. Buzaye da Fulani da suka tashi ba ko akuya suka cika sansanin Lazare a bakin Yamai, wasu suka nufi Kano da Sakkwato, wasu Aljeriya da Libiya. Tafkin Cadi ya rabu gida biyu.

Dattawan tike da suka ga wannan shekara suna ba da labari iri ɗaya: waɗanda suka kora dabbobinsu kudu da wuri, tun suna da ƙarfin tafiya, sun tsira da wani abu. Waɗanda suka ce bari mu ga abin da Allah zai yi, suka tsaya a bakin famfo, su ne suka sayar da fata.

Wannan fari ya girgiza siyasa. A ran 12 ga Satumba 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a Wagadugu, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don lura da ruwan sama da amfanin gona da makiyaya. A ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji a ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori, kuma cikin dalilan da suka bayar har da yadda aka yi da abincin agaji. Sabuwar gwamnati ta yi shirin mayar wa makiyaya da dabbobin iri, ta buɗe cibiyoyin kiwo kamar ta Sayam a jahar Difa.

Akwai kuma wata gaskiya da ta shafe mu kai tsaye, ko da ba ta da daɗin ji. A wannan fari da wanda ya biyo baya, shanu da yawa sun bar hannun makiyaya sun koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, waɗanda suka saye su a araha. Mai garke ya koma ɗan kiwon haya. Wasu gidajen arziki daga nan suka tashi. Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ya kamata mu riƙa tunawa.

Wa ya jawo farin?

Da duniya ta ga hotunan gawarwakin shanu, sai aka shiga neman mai laifi, kuma ba a wahala ba aka nuna makiyayi. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, wannan kuma ya hana hadari haɗuwa. A daidai lokacin aka yi ta yaɗa cewa hamada tana tafiya kudu kilomita 5 ko 6 kowace shekara. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan gusowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977, yawan kiwo da saran itace su suka sha zargi. Daga nan aka fito da shawarwari na a rage dabbobi, a zaunar da makiyaya wuri guda, a killace makiyaya da waya. An kashe kuɗi masu yawa, amfanin kaɗan ne.

Sannu a hankali bincike ya nuna wata hanya dabam. Ga yadda abin yake. Damanarmu daga teku take zuwa. Iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta ture busasshiyar iskar arewa, inda ta kai nan ruwa yake kaiwa. Nisan da take yi kuwa ya danganta da zafin ruwan teku. In tekun arewa ya yi sanyi, na kudu da Tekun Indiya suka yi ɗumi, sai hadarin ya maƙale a kudu, ya bar mu muna kallon sama. A 1986 masana a Ingila, Folland da abokan aikinsa, suka nuna wannan dangantaka. A 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokanta suka gwada a kwamfuta, suka ga cewa zafin teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan hawa da saukar ruwan Sahel. Tun a 1991 ma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa bakin hamada gaba da baya yake yi, yana bin ruwan kowace shekara.

To me ya sanyaya tekun arewa? Masana da yawa sun ce, ban da juyin da teku ke yi da kansa, akwai hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka riƙa fitarwa daga ƙona kwal bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan hayaƙi yana tare hasken rana kamar hazo. Da waɗannan ƙasashe suka yi dokokin tsabtace iska don lafiyar mutanensu, hayaƙin ya ragu, ruwanmu kuma ya fara dawowa.

Wannan bai wanke mu sarai ba. Yawan dabbobi a bakin rijiya ɗaya yana kashe ƙasa, kowa ya gani da idonsa, ga garmani nan ya mamaye burtaloli da makiyaya inda da gamba ce. Amma ɓata makiyaya dabam, hana ruwan sama dabam. An ɗora wa Bafillace kayan da ba nasa ba har shekara ashirin.

El Buhari

Shekarar 1984 ita ce mafi ƙarancin ruwa a duk ƙarnin a wurare da yawa na Sahel. In aka gwada da shekarun 1950, ruwan yankin ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, iyakar inda gero ke nuna ta ja kudu da fiye da kilomita 100. Tafkin Cadi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa na 1963. Bushiya kuma ta sake ɓullowa a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna, musamman a Najeriya a 1983.

Ana cikin haka, a watan Afrilu 1984 gwamnatin marigayi Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta canja takardun naira. Ba a buɗe ba sai a Maris 1986. Ku duba abin da wannan yake nufi ga mutumin Maraɗi ko Damagaram: hanyar da hatsi ke shigowa ta toshe, hanyar da shanu ke fita kasuwa ta toshe, hanyar da matasa ke zuwa cin rani ta toshe. Shi ya sa mutane ba su raɗa wa wannan yunwa sunan fari ba, suka kira ta El Buhari. Talaka ya gane inda gizo yake saƙa.

A kasuwa kuwa abin da ke faruwa kowane fari shi ya faru. Kowa ya kawo dabba a lokaci guda, ramammiya, farashi ya faɗi warwas, a daidai lokacin da tiyar hatsi ke hawa. Sa da zai sayi buhuna da yawa a kaka, a bazara da ƙyar ya sayi ɗaya. Hukuma da masu agaji suka sayi wasu dabbobi aka yanka aka busar da naman, gwamnatin Kunce kuma ta tura mutane noman rani a fadamu. Noman rani ya ceci rayuka, amma ya zo da tasa matsala: fadamu da bakin tabkuna da dabbobi ke fakewa a cikinsu da rani sun zama garake.

Abin da talakawa suka yi da hannunsu

A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa da yawa a lokacin, mafi yawa suka mutu. Abin da ya yi nasara bai ci kuɗi ba. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara a gonakin Maraɗi suna da rai, saiwarsu na nan. Aka fara shawo kan manoma su bar tsiro biyu ko uku su yi musu sassabe, su kare su. Da aka sassauta dokar gandun daji, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Bincike ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin eka ta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Da yawansu gawo ne, wanda ke fid da ganye da ƴaƴa cikin rani, lokacin da dabba ta fi bukata. A Keita da Illela ta jahar Tawa kuma aka farfaɗo da faƙo da jerin duwatsu da tassa da rabin wata.

Makiyaya ma sun sauya dabara. Da yawa suka ƙara awaki da raƙuma a garke, don akuya wata biyar take ɗaukar ciki, karsana kuwa sai ta kai shekara huɗu kafin haihuwar fari. Al'adar haɓɓanaye, ta ba ɗan'uwa aron saniya har ta haifa masa, ta tayar da gidaje da yawa da gwamnati ba ta san da su ba. Harawa da karan dawa da dusa, waɗanda da ake bari a gona kyauta, suka zama haja.

Matsi a kan ƙasa ya kawo zubar da jini. A Oktoba 1991 a Toda, cikin jahar Maraɗi, aka kashe Fulani fiye da 100, mafi yawa mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye gaba. A 1993 aka fito da dokar tsarin karkara wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, aka shiga shata burtaloli da alamu. A 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, kodayake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. A 2010 Nijar ta yi dokar kiwo da ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Wato bayan shekara talatin da ƴan kai ana cewa yawon makiyayi shi ne cutar, hukuma ta dawo ta yarda shi ne maganin.

Sabuwar fuskar yanayi

Yanzu mu zo kan maganar da ake ji a rediyo, ɗumamar duniya. Tun a 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi cewa iskar kabon da ke fita in an ƙona kwal tana riƙe zafi kamar bargo. A 1958 Charles Keeling ya fara auna ta a kan wani dutse a Hawai, ya sami kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu kimanin 280 ce. Yanzu ta haura 420. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafinta zafi, da kimanin digiri ɗaya da rabi sama da na kafin masana'antu.

Taro kam an sha shi: Riyo a 1992, yarjejeniyar yaƙi da hamada a 1994, Kiyoto a 1997, Paris a 2015. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara ga ƙasashe matalauta, ba su cika a kan lokaci ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan iska ba, amma ita ke kan gaba wajen shan wuya. Za ku kuma ji ana cewa shanu na da nasu laifi, saboda iskar da suke gyatsawa in suna tuƙa. Gaskiya ne, hukumar FAO ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo a duniya baki ɗaya yana da kashi 14.5 cikin 100. Sai dai rabon garken Sahel a ciki ɗan kaɗan ne, kuma shi yake mai da ƙarangiyar da ba mai ci ta zama nama da nono.

A wurinmu, ruwa ya ɗan dawo tun shekarun 1990, amma da wani hali. Bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka uku tun daga 1982. Ruwan wata guda sai ya zuba a dare ɗaya, ya bi ta kan faƙo ya tafi, sa'annan a yi sati biyu ko uku ba ɗigo, ciyawar da ta tsiro ta ƙone. A 2010 an yi gibin abincin dabbobi mai yawa a Nijar, shanu suka rame, da ruwan farko ya zo da ƙarfi sai ya ƙarasa waɗanda yunwa ta bari. A Satumba 2020 kogi ya shiga unguwannin Yamai. A Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali, a damanar shekarar kuma ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri.

Hanya kuma ba ta daina rufewa ba. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, Benin ta hana garkunan waje shiga a ƙarshen 2019. Ga ɓarayin daji da masu ɗauke da makamai da suka hana shiga makiyaya da yawa.

Ina ruwan falke?

Ruwanmu ne ƙwarai. Ga abin da muka tsinta daga wannan tarihi.

Na farko, fari ba ya zuwa ba sallama. Tun watan Satumba zuwa Oktoba ake sanin ko ciyawa za ta kai bazara. Ma'aikatan dabbobi suna auna ta, AGRHYMET tana fid da hasashen damana kafin ta faɗi, ga wayar salula a aljihun kowa. A ce mutum yana da shanu 20, ya ga shekara ta nuna rashin kyau. In ya fid da guzuma da bijimai 6 a kaka, suna da nama, ya sayi hatsi da dusa da harawa tun suna da araha, zai iya kai karsanoni da masu ciki damana. In ya riƙe duka 20 don kunyar a ce ya rage garke, watan Mayu zai sayar da 10 a kuɗin 3, sauran kuma sai yadda Allah ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, dillali ya faɗa wa mai dabba gaskiya da wuri. La'adar da za a ci a kan wanda ya karye sau ɗaya ce. Makiyayin da ya tsira da iri, shi zai kawo maka kaya shekara goma masu zuwa.

Na uku, mu yi rumbun tsimi na abincin dabbobi a manyan tikunanmu, da kuɗin ƙungiya, a saya a kaka a sayar wa mambobi a bazara da riba kaɗan. Kowane reshe ya tattauna wannan a taronsa na gaba.

Na huɗu, burtali da mashaya namu ne kamar yadda suke na makiyayi. In aka nome burtali, kayanmu ne ba zai iso kasuwa ba. Wakilanmu su riƙa halartar zaman kwamitocin filaye, kuma mu riƙe zumunci da takwarorinmu na Maigatari, Mai'aduwa, Jibiya da Illela, don ranar da iyaka za ta rufe su ne za su ba mu labari.

Na biyar, mu daina lissafi da fari kaɗai. Zafi da ambaliya sun shigo cikin lissafi. Kada a ɗaure dabbobi a kwari da damana, kada a cusa su a mota da tsakar rana cikin Afrilu, a dasa itatuwan inuwa a tike, a yi allura a kan lokaci. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma ciwon huhu da sauran cututtuka suna nan.

Dattijon rumfa da ya ce da ma haka duniya take ya yi gaskiya, wanda ya ambaci hayaƙin Turawa ma bai yi ƙarya ba. Mu dai ba mu da iko da teku, ba mu da iko da masana'antun wasu. Amma ranar da za mu sayar, da abin da za mu tanada, da yadda za mu yi da makiyayin da ya shigo tike da hawaye, waɗannan suna hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya sa albarka a dukiyarmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.